Yadda ake raka ƙuri'a tun daga rajista har ofishin wanda aka zaɓa

Akwai zaɓen da na yi sammako, na tsaya a layi kusan awa uku. Da na iso gaban tebur sai jami'ar zaɓe ta bi jerin sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, sannan ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai ba a nan kake ba." Ashe tun watannin baya an raba rumfarmu gida biyu saboda yawan jama'a, sunana ya koma sabuwar. An liƙa sanarwa, ni ne ban leƙa ba. Kafin in lalubo wurin in kama wani layin, rana ta take. Ni dai na samu na kaɗa da ƙyar, amma mutum biyun da muka fito tare ransu ya ɓaci, suka juya gida. Ba ɗan daba da ya kore su, ba wanda ya sace akwati, ƙuri'a biyu dai sun salwanta.

Tun daga ranar na daina ɗaukar zaɓe a matsayin hidimar yini ɗaya. Ƙuri'a tafiya take yi zango-zango, kuma a zangon da ba kowa ke kallo ba aka fi tare ta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka duk abin da zan faɗa sai ka auna shi da dokar zaɓen inda kake, amma zangunan kusan iri ɗaya ne ko'ina.

Mataki na farko: tabbatar sunanka yana cikin kundi

Mai son hana jama'a zaɓe, in yana da wayo, a teburin rajista yake tsare su. Tun 1870 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 15 da ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fata. Amma bayan sama da shekara casa'in, a gundumar da garin Selma yake a jihar Alabama, baƙar fata sun kai wajen rabin waɗanda suka isa zaɓe, sai dai waɗanda ke cikin kundi ba su wuce kashi 2 cikin 100 nasu ba. Ofishin rajista kwana biyu kacal yake buɗewa a wata, in ka samu shiga kuma a yi maka jarrabawar karatu wadda mai yin rajistar shi ke yanke ka ci ko ka faɗi. A kan wannan ne 'yan sanda suka far wa masu tattaki a gadar Edmund Pettus ranar 7 ga Maris 1965, sannan ranar 6 ga Agusta na shekarar Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare 'yancin zaɓe. Haƙƙin yana rubuce a takarda duk tsawon shekarun nan, hanyar isa gare shi ce aka toshe.

Don haka fara da tambaya uku. Shin a ƙasarka hukuma ce ke sa sunanka da kanta daga bayanan mazauna, kamar yadda ake yi a Jamus, ko kai za ka kai kanka? Yaushe ake rufe rajista? Wace shaida ake nema? Rufewar nan ita ta fi cin mutane, domin sau da yawa tana zuwa watanni kafin zaɓe, lokacin da yaƙin neman zaɓe bai yi zafi ba, hankalin kowa na wani wuri.

Bayan ka yi rajista kada ka ce an gama. Hukumomin zaɓe da yawa sukan kafe kundin na 'yan kwanaki domin jama'a su duba, su kai ƙorafi. Je ka da kanka, ko ka duba ta intanet in akwai hanyar. Duba harafin sunanka, ranar haihuwa, da lambar rumfa. In ka ga sunan maƙwabcin da kuka yi wa jana'iza bara, ka kai rahoto a rubuce, domin da irin waɗannan sunaye ake aringizo. In ka sake gari ko unguwa, nemi a mayar da rajistarka tun da wuri. In ana ba da katin zaɓe, karɓo abinka da hannunka, kada ka bar shi wurin wani "mai taimako" da ya ce zai adana wa 'yan unguwa.

Batun shaida kuwa ba ya barin kowa. Boris Johnson, wanda gwamnatinsa ce ta kawo dokar tilasta nuna shaida mai hoto a Birtaniya, an mayar da shi daga rumfar zaɓe a watan Mayun 2024 saboda ya zo babu ita, sai da ya je ya ɗauko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: san yadda ake cin kujerar, da abin da kujerar ke iya yi

A Faransa, Sanagal da Gana, ɗan takarar shugaban ƙasa sai ya haura rabin ƙuri'u, in ba haka ba a tafi zagaye na biyu. A Najeriya sai ya fi kowa yawa kuma ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. A Amurka wakilan zaɓe da kowace jiha ke fitarwa su ke zaɓen shugaba, 270 cikin 538 ake nema, shi ya sa mutum kan fi ƙuri'un jama'a amma ya sha kaye. A Afirka ta Kudu kuwa majalisa ce ke fitar da shugaba. Sanin wannan shi zai nuna maka inda ƙuri'arka ta fi nauyi.

Sannan ka rarrabe aikin kowace kujera. Ɗan majalisa doka yake yi, ya amince da kasafin kuɗi, ya sa ido kan ɓangaren zartarwa. Duk wanda ke neman majalisa ya yi maka alkawarin abin da gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma ne kawai ke da ikon yi, ko dai bai san aikin ba ko ya raina maka hankali. Kuma ƙananan kujerun nan da mutane ke ƙin fitowa dominsu, su ne suka fi kusa da makarantar ɗanka da magudanar ƙofar gidanka.

Mataki na uku: auna 'yan takara tun kafin a kawo maka su

Da yawa muna kukan cewa a takardar zaɓe babu na kirki, sai a zaɓi mai dama-dama. Gaskiya ne, amma takardar ba daga sama ta faɗo ba. A zaɓen fid da gwani ake rubuta ta, inda sau tari 'yan ɗaruruwan daliget ke yanke wa miliyoyi. In kana da jam'iyyar da ta kwanta maka, yanki katinta, halarci taron mazaɓa inda ake zaɓen shugabanni da daliget. Taro ne mai gundura, kujeru rabi babu kowa, shi ya sa mutum ashirin masu magana da murya ɗaya kan juya shi, su hana ɗauki-ɗora.

Wajen auna ɗan takara, ni abin da ya yi nake dubawa kafin abin da ya ce. In ya taɓa zama majalisa, sau nawa ya halarta, ina ya jefa ƙuri'arsa a ƙudirorin da suka shafe ka? In ya riƙe ofis, me ya bari? Wa ke ɗaukar nauyin yaƙinsa? Wanda ya zuba kuɗi yana jiran riba. Zaɓen sak, a dangwale wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa saboda ƙaunar mutum ɗaya, ya sha jawo bara-gurbi cikin guguwa, a kwashe shekara huɗu ana cizon yatsa.

Labarin da ya shigo wayarka ana saura kwana biyu zaɓe, wai wane ya janye ko an ɗage ranar, kada ka tura wa kowa sai ka ji daga bakin hukumar zaɓe. Tsohuwar dabara ce.

Sai batun masu raba kuɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sayar da ƙuri'a laifi ne a dokar yawancin ƙasashe, ga mai saye da mai sayarwa. Ƙuri'ar sirri da aka fara a Ostireliya a 1856, Birtaniya ta bi a 1872, an ƙirƙiro ta ne domin mai gida, mai gona ko mai kuɗi ya kasa sanin abin da ka yi a bayan labule. Duk wanda ya ce ka ɗauko masa hoton takardarka, ko ka ɗaga ta ya hango, wannan kariyar yake so ka cire da hannunka.

Mataki na huɗu: ranar zaɓe

Fita da wuri. In ka iso kafin a fara, za ka ga ana nuna wa jama'a akwati babu komai ciki kafin a rufe shi da hatimi. Wakilan jam'iyyu kan rubuta lambar hatimin, kai ma ba laifi ka riƙe ta. Kada ka sa riga ko hula mai alamar jam'iyya, yawancin dokoki sun hana kamfe a harabar rumfa.

Da aka miƙo maka takarda, duba ko tana ɗauke da tambari ko sa hannun da doka ta tanada, domin a wasu ƙasashe rashinsa kan sa a jefar da ita wajen ƙirga. Yi alama a cikin gida ɗaya tak, kada ta haura layi. In da tawada ake dangwalawa, goge yatsa, ka ɗan dakata ta sha iska, sannan ka naɗe yadda jami'in ya nuna. Ɗanyar tawada in ta shafi gidan wata jam'iyya, ƙuri'ar ta zama ta mutum biyu, wato ba ta kowa ba. In ka yi kuskure kafin ka jefa, tambayi jami'in, a wurare da yawa ana karɓar lalatacciyar a ba ka sabuwa.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. A zagayen farko na zaɓen Gana na 2008, ƙuri'un da suka lalace sun haura 200,000, alhali abin da ya rage wa Nana Akufo-Addo ya tsallake rabi bai kai 80,000 ba. Aka tafi zagaye na biyu, John Atta Mills ya kayar da shi da tazarar wajen 40,000. A jihar Virginia ta Amurka a 2017, 'yan takarar majalisar jiha biyu suka yi kunnen doki, kowanne 11,608, bayan an yi ta jayayya kan takarda ɗaya da mai ita ya cike gida biyu sannan ya ja layi a kan ɗaya. Ƙarshenta aka rubuta sunayensu aka zaro ɗaya daga kwano, kuma wannan kujerar ce ta yanke jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar.

In lokacin rufewa ya yi kana kan layi, kada ka motsa, ƙa'idar da aka fi bi ita ce duk wanda ke layi sai ya kaɗa. In ka ga tsoho, mai juna biyu ko mai larura, a ba su gaba. Makaho a yawancin wurare yana da damar zuwa da wanda ya amince da shi, ba wakilin jam'iyya ba.

Mataki na biyar: a kasa, a tsare, a raka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawa ke tafiya gida. In dokar ƙasarka ta yarda jama'a su tsaya kallon ƙirga, koma gefe a nisan da aka ƙayyade ka tsaya. Riƙe biro da takarda, wayarka da caji, da tocila in dare zai yi.

Ga abin da za ka bi da ido. Kafin a buɗe akwati, jami'i ya faɗi adadin takardun da aka ba rumfar, waɗanda aka yi amfani da su, waɗanda suka lalace, da waɗanda suka rage. Haɗa lissafin da kanka. A ce an kawo 500, mutum 312 aka tantance, ba wadda aka canja wa kowa. To 188 ya kamata su rage, kuma abin da zai fito daga akwati kada ya wuce 312. In ya fito 340, akwai 28 da ba su da iyaye, kuma a nan take ya kamata wakilai su sa a rubuta. Sannan a zazzage akwatin a gaban kowa, a ware ƙuri'u tuli-tuli, a ɗaga kowace a gani, a ƙirga da babbar murya. Wadda ake taƙaddama a kanta a nuna wa wakilan duka jam'iyyu kafin a yanke. Inda tazara ta yi kaɗan, wakili na iya neman a sake ƙirgawa.

Takardar sakamako ita ce zuciyar zaɓen gaba ɗaya. Lura ko lambar da aka faɗa da baki ita aka rubuta, da alƙalami mara goguwa, a lamba da kuma a kalmomi in fom ɗin ya tanada. A ja layi a gidajen da babu komai, kada 47 ya kwana ya tashi 147. Wakilai su sa hannu, kowanne ya karɓi kwafinsa, a liƙa ɗaya a bango. Inda doka ba ta hana ba, ɗauki hotonta yadda lambar rumfa da sa hannu za su fito sarai. Kuma wakili kada ya kuskura ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce masa don a rage aiki ne.

Me ya sa nake nanata wannan? A Malawi, zaɓen Mayun 2019 ya zo da takardun sakamako da aka shafe lambobinsu da farin ruwan gyaran rubutu na Tipp-Ex aka sake rubutawa. Aka gabatar da su a kotu, ranar 3 ga Fabrairu 2020 kotun tsarin mulki ta soke zaɓen, aka sake a watan Yuni, Lazarus Chakwera ya ci. A Kenya ranar 1 ga Satumba 2017 kotun ƙoli ƙarƙashin babban alƙali David Maraga ta soke zaɓen shugaban ƙasa, kuma jayayyar ta ta'allaƙa ne kan fom ɗin rumfuna da yadda aka aika da sakamako. A Filifin a 1986, ƙungiyar sa ido kan zaɓe ta NAMFREL ta baza 'yan sa kai wajen rabin miliyan suna tattara sakamakon rumfuna da kansu. Nasu lissafin ya saɓa da na hukuma, ma'aikatan kwamfuta na hukumar su talatin da 'yan kai suka fice daga zauren tattarawa suna cewa ana sauya alƙaluma, kafin watan Fabrairu ya ƙare Ferdinand Marcos ya bar ƙasar bayan shekara 20 a mulki. Gambiya ma, inda da ƙananan duwatsun gilashi ake zaɓe, a jefa cikin ganga ƙararrawa ta yi ƙara, a gaban jama'a aka ƙirga a rumfuna ranar 1 ga Disamba 2016, Adama Barrow ya kayar da Yahya Jammeh mai shekara 22 a kan kujera.

Daga rumfa sakamako kan wuce cibiyar tattarawa ta mazaɓa, sannan sama. Ba kowa ake bari ya shiga ba, sai wakilai, 'yan jarida da 'yan sa ido masu izini. In kana son kaiwa can, shiga ƙungiyar sa ido tun watanni kafin zaɓe, domin izinin ma yana da wa'adi. In hukumarku na ɗora sakamakon rumfuna a intanet, gwada hotonka da nasu. Abin da ba a so shi ne hayaniya: jifa ɗaya ya isa a ce rikici ya ɓarke a soke rumfar, kuma wani lokaci abin da mai maguɗi ke nema ke nan.

Mataki na shida: in ka ga ba daidai ba

Rubuta lokaci, lambar rumfa, abin da ya faru, da waɗanda suka gani. Miƙa wa wakilin ɗan takara ko 'yan sa ido a ranar. Kotun zaɓe ba ta jira: a Kenya kwana 7 ake da shi na shigar da ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, kotu ta yanke cikin kwana 14, a Najeriya kwana 21 ne daga bayyana sakamako. Alƙali ba ya aiki da "kowa ya san an yi maguɗi". Rumfa-rumfa yake so, da takarda da mai shaida.

Mataki na bakwai: bayan rantsuwa

Tun lokacin kamfe ka adana takardar alkawuransa da faifan maganarsa. Ku haɗu ku goma ko sha biyar, ku ɗauki abu ɗaya ƙwal, misali asibitin da aka sa wa kuɗi a kasafi amma ba a aza tubali ba. Masu zuwa da buƙata talatin, da alkawari talatin ake sallamarsu. Ku nemo kasafin, ku gano layin aikin da adadin da aka ware. Ƙasashe da yawa suna da dokar 'yancin samun bayanai: ta Indiya ta 2005 ta ba ofis kwana 30 ya amsa, ta Najeriya ta 2011 kwana 7. Ku rubuta gajeriyar wasiƙa mai tambaya ƙarara, nawa aka saki, wa aka ba kwangila, yaushe zai gama. Ku kai kwafi biyu, a buga muku tambarin karɓa da kwanan wata a ɗaya. Wannan tambarin shi ne makaminku in aka yi shiru, da shi za ku je wurin ɗan jarida, kwamitin majalisa ko kotu.

Ku halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi da ƙudirori, da takarda shafi ɗaya a hannu. A birnin Porto Alegre na Barazil tun 1989 aka fara bai wa mazauna unguwanni damar zama su tsara inda wani kaso na kuɗin ayyukan birni zai tafi, birane da dama a duniya suka kwaikwaya. Kiranye kuwa, inda tsarin mulki ya tanade shi, kada ku fara da shi. Sa hannun da ake nema yana da yawa, in kuka gaza kun ƙara wa mutumin ƙarfi.

Mataki na takwas: in dokar ce kanta ke da gyara

Wannan ya fi kowanne cin lokaci, amma yana da hanya. Dubi yadda matasa suka rage shekarun tsayawa takara a Najeriya. Sun fara a 2016 da buƙata guda da za a iya faɗa a numfashi ɗaya: wanda ya isa ya yi zaɓe, a matso masa da damar a zaɓe shi. Suka samo masu ɗaukar nauyin ƙudirin a majalisun tarayya biyu, Tony Nwulu a ta wakilai, Abdul-Aziz Nyako a ta dattawa. Da yake gyaran tsarin mulki ne, bayan majalisar tarayya sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, don haka suka kafa masu bibiya jiha-jiha, suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, suna bayyana wa duniya wanda ya goyi baya da wanda ya noƙe. Jihohi suka amince fiye da adadin da ake nema, ranar 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Na gwamna da sanata aka bar su a 35 yadda suke, masu fafutukar suka karɓi abin da ya samu.

In za ku bi wannan sawu, fara da gano wane sashe na wace doka kuke so a taɓa, ku sa lauya ya rubuta muku sabon lafazin. Sannan ku zana jerin duk 'yan majalisar da ƙudirin zai bi ta hannunsu gida uku: masu goyon baya, masu adawa, da waɗanda ba su tsaya ko'ina ba. Gida na ukun za ku fi ba lokaci, kuma mutanen mazaɓar kowannensu za ku tura masa, domin ɗan majalisa ya fi jin muryar wanda ke riƙe da katin rumfarsa. Ku nemo jadawalin zaman kwamitin da aka miƙa wa ƙudirin, ku raba ranakun a tsakaninku, kowane zama a samu mutum biyu daga cikinku a kujerun baƙi, ɗaya na saurare ɗaya na rubuta wanda ya ce me.